Darasin Dar Salam Ga 'Yan Kasuwarmu Na Kan Iyaka

Ranar Asabar 15 ga watan Afrilun 2023, a cikin goman ƙarshe na watan azumi, lokacin da shaguna ke cike maƙil da kayan sallah, yaƙi ya ɓarke a birnin Khartum tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Abdulfatah al-Burhan da dakarun RSF na Janar Muhammad Hamdan Dagalo. Akwai ɗimbin 'yan kasuwa da suka kulle shagunansu da niyyar dawowa bayan kwana biyu ko uku idan ƙura ta lafa, amma ba su sake taka ƙofar shagunan ba sai da aka shekara biyu. An wawashe tsohuwar kasuwar Umdurman, an ƙona wani sashe nata. Ita kuwa Suk Libiya, babbar kasuwar 'yan sari ta yammacin Umdurman, wadda daga cikinta ake lodin kaya zuwa Kurdufan da Darfur har zuwa Cadi, ta zauna a hannun RSF har ƙarshen watan Maris na 2025, kafin sojoji su karɓe ta. Unguwar Dar Salam da ke bayan kasuwar ta sha ruwan wuta. A hari ɗaya kawai na jirgin sama a watan Yulin 2023, hukumomin lafiya sun ce aƙalla mutum 22 ne suka rasu.

Wannan al'amari ba na nesa ba ne ga mai karanta wannan shafi. A Dar Salam da Mayo da sauran unguwannin gefen Khartum akwai 'yan'uwanmu Hausawa, jikokin mahajjatan da suka bi ta ƙasa da kuma na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Sana'o'insu irin namu ne: tufafi, turare, hatsi, kayan masarufi, da naman agashe wanda sunansa kaɗai ya isa ya faɗi inda ya fito. Kuma su ne mutanen da suka fi kowa sanin darajar takarda. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta buƙaci mutum ya tabbatar cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna ƙasar tun ƙarshen shekarar 1897, abin da ya bar zuriyar waɗanda suka iso bayan Burmi suna fafutikar neman shaida shekara da shekaru. Daga baya dokar 1994 ta mayar da wa'adin zuwa farkon 1956. Haka nan lokacin da gwamnati ke kwashe mazauna unguwannin da ba su da tsari zuwa wurare irin su Dar Salam, samun fili ya dogara ne da takardun shaida da mutum zai iya nunawa. Mutanen da suka sha wannan wahala kafin su mallaki takarda, yaƙi ya zo ya raba da yawa daga cikinsu da ita a yini guda.

Idan ana lissafin asarar kasuwa, kaya ake ƙirgawa: dila nawa, buhu nawa, katan nawa. Amma duk ɗan kasuwar da ya taɓa faɗuwa ya tashi ya san cewa kaya suna dawowa. Matuƙar sunan mutum yana da kyau, zai samu wanda zai ba shi sari bashi ya sake ɗagowa. Abin da ba ya dawowa shi ne littafin da ke cikin durowar shago. A cikinsa ne aka rubuta wa ake bi, nawa ake binsa, yaushe ya karɓa, nawa ya rage. A nan ne kuma takardar mallakar shago take, da ta sito, da ta mota, da lasisi, da rasidin haraji, da takardun fito. Ɗan kasuwar Umdurman da ya tsira da ransa zuwa Masar ko Gadarif ko Fot Sudan, waɗanda yake bi bashi su ma sun watse zuwa ƙasa uku ko huɗu, kuma ko da dukkansu masu tsoron Allah ne, babu wanda zai iya tuna lissafin shekara biyu da ka. Idan kuwa maigidan ne ya rasu, to magada na cikin ruɗani biyu: ba su san abin da za su nema ba, ba su kuma san abin da za su biya ba, alhali shari'a ta ce sai an biya bashin mamaci kafin a raba gado.

Saboda haka ra'ayin wannan jarida shi ne, duk takardar da kwafinta ɗaya ne, kuma tana kwana a wuri ɗaya da kayan da take shaida a kansu, to ba a adana ta ba tukuna. Wutar da za ta ci kayan ita za ta ci shaidar, ɓarawon da ya fasa shagon shi zai watsar da littafin. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Wani zai ce ai mu ba yaƙi ake yi a ƙasarmu ba, Allah kuma Ya kiyaye. Muna cewa amin, amma gobara ba ta jiran yaƙi. A watan Maris na 2016 wuta ta cinye kimanin shaguna 3,800 a kasuwar Sabon Gari ta Kano, a ƙiyasin hukumomi. A watan Janairun 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta kama, bayan wata biyu ta Katsina ta bi sahu, sannan a watan Fabrairun 2023 kasuwar Monday ta Maiduguri ta ƙone. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ta kuma sake kamawa a 2009. Bayan kowace gobara akan kafa kwamitin tantance asara, kuma tambayar farko da ake yi wa mutum ita ce shaidar cewa shagon nasa ne da shaidar abin da ke ciki. Ga kuma rufe iyaka, wanda mutanen Jibiya da Illela da Maigatari da Kamba da Ɗan Isa da Birnin Ƙonni ba sa bukatar a ba su labarinsa: daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan daga juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 zuwa Maris na 2024. A irin wannan lokaci mutum kan wayi gari shi yana wannan ɓangare, sitonsa da takardunsa suna wancan.

To mene ne mafita? A yau akwai manhajojin kwamfuta da na waya da aka yi musamman domin tsara takardun kamfani da adana su. Aikinsu mai sauƙin fahimta ne. Ana ɗaukar hoton takarda da waya ko da na'urar ɗaukar hoton takardu, a ba ta suna da kwanan wata da sunan wanda ta shafa, a jefa ta cikin rukunin da ya dace, ko na bashi, ko na fito, ko na haya, ko na albashi. Manhajar kan iya karanta rubutun da aka buga da inji, ta yadda idan aka rubuta sunan abokin ciniki ko lambar mota, duk takardun da suka ambace shi za su fito cikin ƙiftawar ido. Tana kuma rubuta wanda ya buɗe takarda da wanda ya canja ta da lokacin da ya yi hakan, sannan ta tura kwafi zuwa wata ma'ajiya da ke nesa ta hanyar intanet. Akwai na saye irin su SharePoint da M-Files, akwai waɗanda ake samu kyauta irin su Nextcloud da Paperless-ngx, waɗanda ke bukatar wanda ya san aikin ya kafa su. Wanda wannan magana ta fi shafa shi ne matsakaicin ɗan kasuwa: mai shago uku ko huɗu, sito a wannan gari da wani a tsallaken iyaka, yara goma ko ashirin, da motoci a hanya. Harkarsa ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya, amma ba ta kai ta kamfanin da ke da ofishin akantoci ba.

Yaƙin Sudan ya nuna amfanin irin wannan ajiya a fili. An fasa rassan bankuna da dama a Khartum, amma mutanen da ke da asusu a Bankin Khartum sun ci gaba da karɓa da turawa ta manhajar Bankak, wadda ta zama jigon saye da sayarwa da kuma hanyar da 'yan'uwa na waje ke aika taimako. Ginin reshe ya tafi, lissafin bai tafi ba. Haka nan a watan Mayun 2023 wuta ta cinye ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Umdurman, da littattafai da takardun tarihi da ba su da madadi, amma abubuwan da shirin Sudan Memory ya ɗauki hotonsu kafin yaƙi, tare da haɗin gwiwar jami'ar King's College ta Landan, sun tsira domin kwafinsu na wajen da wutar ba ta kai. Kada kuma wani ya dogara da cewa ai akwai kwafi a ofishin gwamnati. A watan Satumbar 2023 har ginin Ma'aikatar Shari'a da ke tsakiyar Khartum sai da ya kama da wuta.

Sai dai kuma wannan yaƙin shi ne ya nuna iyakar na'ura, kuma wannan ne ɓangaren da dillalan manhaja ba su cika faɗa ba. A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da Sudani da MTN sun ɗauke kusan a faɗin ƙasar, saboda cibiyoyin da ke riƙe da su suna cikin Khartum inda ake faɗa. Bankak ta tsaya wa miliyoyin mutane cak, sai da kamfanonin suka kafa sabbin cibiyoyi a Fot Sudan, wasu yankunan kuma suka koma biyan kuɗi a shagunan Starlink domin su samu intanet na awa ɗaya. Kafin nan ma hukumomi sun taɓa katse intanet na sama da wata guda a 2019, da kuma na makonni bayan juyin mulkin Oktoban 2021. Mu ma mun ɗanɗana: a watan Satumbar 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da Katsina, har da Jibiya. Bugu da ƙari, daga 1997 zuwa Oktoban 2017 takunkumin Amurka ya hana mutanen Sudan amfani da hidimomin kamfanonin kwamfuta da dama, ba don wani laifi da su suka yi ba. Wanda ya miƙa dukkan takardunsa ga kamfani ɗaya na wata ƙasa, to ya sani siyasar da ba shi da hannu a ciki tana iya kulle masa ƙofa.

Don haka ne muke ganin duk ɗan kasuwar da za a tallata wa irin wannan manhaja ya kamata ya gindaya sharuɗɗa kafin ya fitar da ko kwabo. Na farko, ta yi aiki ko babu intanet, ta tura kwafi daga baya idan layi ya dawo. Na biyu, ya iya kwashe takardunsa gaba ɗaya a duk ranar da ya ga dama, a sigar da kowace kwamfuta ke buɗewa, kamar PDF da hoto, ba a wata siga da sai manhajar kamfanin ce kaɗai ke karantawa ba. Idan ba haka ba, ranar da ya kasa biyan kuɗin wata ya zama ɗan haya a cikin dukiyarsa. Na uku, a bi ƙa'idar da masana ajiya suka daɗe da yarda da ita, wato kwafi uku, a kan abin ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a nesa. A wurinmu nesa tana nufin wani gari, in da hali ma tsallaken iyaka: mai shago a Maraɗi ya ajiye ƙaramar ma'ajiyar kwamfuta a gidan ɗan'uwansa a Katsina, a riƙa sabunta ta duk wata. Na huɗu, kowane yaro ya ga abin da ya shafi aikinsa kaɗai. Mai kula da sito ba shi da bukatar ganin littafin bashi. Na biyar kuma mafi muhimmanci, kada mabuɗin ya zauna a kan mutum ɗaya. A rubuta lambobin sirri, a rufe a ambulan, a damƙa wa amintacce ko a haɗa da wasiyya. Kamfanonin waya kan ba wani layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfanin Google ma tun Disambar 2023 ya ba kansa damar share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Shekara biyu kuwa ita ce daidai tsawon lokacin da mutanen Dar Salam suka yi ba su da iko da gidajensu.

A nan ya zama dole mu ja hankalin masu cewa ai komai nasu yana cikin WhatsApp. Hoton webil da aka tura wa direba, da alat ɗin banki, da saƙon murya na ciniki, duk shaidu ne masu amfani, amma tarin saƙonni ba ma'ajiya ba ce. Wayar na iya faɗuwa, ana iya ƙwace ta a shingen hanya kamar yadda ya faru da mutane da yawa a hanyoyin fita Khartum, kuma wanda ya aiko saƙo na iya goge shi. Alat kuwa yana nuna kuɗi sun shiga, amma ba ya faɗin na mene ne, ko biyan bashi ne ko kafin alƙalami ne na sabon kaya. Wanda bai kai ga sayen manhaja ba yana iya farawa da abin da ke hannunsa: duk yammacin Alhamis a ɗauki hoton shafukan littafi na makon da rasidan da suka shigo, a sa musu kwanan wata, a tura zuwa ma'ajiyar intanet. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta sun isa ɗaukar dubban shafuka.

Mun san akwai dalilan da ke sa 'yan kasuwarmu ja da baya, kuma ba mu raina su ba. Na farko shi ne amana. Kasuwancin Bahaushe daga Kano zuwa Gwanja, daga Damagaram zuwa Umdurman, a kan magana aka gina shi, har wani kan ji kamar zagi ne a ce ya sa hannu. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa umurnin, ba maha'inta ba. Rubutu yana kare mai gaskiya daga mantuwa, yana kuma kare marayunsa. Na biyu shi ne tsoron ma'aikatan haraji da na kwastan. Wannan tsoro yana da tushe, domin an ga inda bayyana gaskiya ya jawo wa mutum tatsa. To amma zamani ya riga ya juya: Nijar ta shigo da tsarin rasidin na'ura mai tabbacin hukumar haraji, Nijeriya ma a 2025 ta fara irinsa da manyan kamfanoni. Hukuma za ta samu nata lissafin ko mutum ya so ko bai so ba, kuma wanda ba shi da nasa, duk adadin da aka yanka masa shi zai biya. Na uku shi ne rashin karatun boko. Hoto ba ya tambayar harshe. Littafin da aka rubuta da ajami ko Larabci ko Faransanci duk ɗaya ne a wurin kyamara. Abin lura kawai shi ne na'ura ba ta iya karanta rubutun hannu da ajami yadda ya kamata, don haka sai an ba kowane shafi suna da hannu.

Doka ma tana tare da mai ajiya. A Nijeriya dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani mai rajista ajiye takardun lissafinsa na shekara shida, a Nijar da sauran ƙasashen OHADA kuwa wa'adin shekara goma ne. Sashe na 84 na dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 ya amince kotu ta karɓi takardar da ta fito daga kwamfuta idan an cika sharuɗɗa, ita ma Sudan tana da dokar mu'amalar na'ura tun 2007. Duk da haka kada wanda ya ɗauki hoto ya yar da asali. Takardar fili da ta shago da yarjejeniyar da aka sa wa hannu, asalinsu ne hujja mafi ƙarfi. A ajiye su a gida ko a banki, ba a cikin kasuwa ba.

Muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na garuruwan kan iyaka da su ɗauki wannan aiki a matsayin nasu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin masu gadi da na shara tana iya sayen na'urar ɗaukar hoton takardu da faranti biyu na hasken rana, ta ɗauki matasa biyu amintattu, ta fara da rajistar shagunan kasuwa: lambar kowane shago, mai shi, da takardar da ke hannunsa, a ajiye kwafi a wani gari. Muna kira ga cibiyoyin ciniki na Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi da su shirya bita da Hausa, su kuma tantance masu tallar manhaja, saboda kada 'yan damfara su mayar da sirrin mutane haja. Matasanmu da suka karanci kwamfuta su ma ga kasuwa nan a buɗe: manhaja da Hausa, mai lissafi da naira da sefa, mai aiki ba tare da layi ba. Su kuma gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi da ke karɓar kuɗin haya da haraji a kasuwanni, wajibi ne su adana nasu rajistocin ta yadda gobarar sakatariya ɗaya ba za ta shafe haƙƙin dubban mutane ba.

Tun bayan da sojoji suka bayyana karɓe jihar Khartum baki ɗaya a watan Mayun 2025, jama'a suka fara komawa Umdurman. Wanda ya koma da hoton takardar shagonsa da na littafin bashinsa a aljihu, ya koma ne da abin da zai tsaya a kai ya nemi haƙƙinsa. Wanda ya koma hannu rabbana kuwa, sai neman shaidu a cikin maƙwabtan da wasunsu sun rasu, wasu ba su dawo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar wa 'yan'uwanmu na Dar Salam da mafificin abin da suka rasa, Ya kuma tsare kasuwanninmu daga gobara da fitina, amin.